Waye Joe Heaney, kuma me ya sa yake waƙa ba kiɗa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ci karo da wani tsohon bidiyo a YouTube, wani dattijo Bature yana waƙa shi kaɗai, ba ganga ba jita ba 'yan amshi, cikin wani yare da ba Turanci ba, an rubuta Joe Heaney a ƙasa, shi ne kake tambaya waye shi kuma me ya sa mutanen Ailan suke ɗaukarsa da girma haka alhali kai a kunnenka abin ya fi kama da karatu ko kuka. To wallahi kunnenka bai yi maka ƙarya ba, ka ma kusa da gaskiyar fiye da yadda kake zato. Ni na yi shekaru ina bibiyar waƙoƙin baka, namu da na wasu, kuma wannan mutumin yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da nake komawa kansu kullum, don haka ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Sunansa a yarensu Seosamh Ó hÉanaí, mutanen garinsu kuma Joe Éinniú suke ce masa. An haife shi a 1919 a yankin Carna da ke Connemara, can ƙurewar yammacin Ailan a gundumar Galway, inda in ka wuce gidajen sai teku, ba wata ƙasa kuma sai Amurka. Wajen duwatsu ne, ƙasar noma kaɗan ce, mutane na shuka dankalin Turawa a 'yan filaye tsakanin duwatsu suna yi masa taki da ciyawar teku, suna su da ƙananan kwale-kwale, girki da jin ɗumi kuma da wata baƙar ƙasa ta fadama da ake yankowa a shanya ta bushe ta zama makamashi. Talauci ne sosai. Amma wannan talaucin da nisan wajen su ne suka sa yarensu na asali, Gelik, wanda su suke kira Gaeilge, ya tsira a can bayan ya mutu a yawancin ƙasar. Ka san Ingila ta daɗe tana mulkin Ailan, makarantun gwamnati da aka kafa daga 1831 da Turanci ake koyarwa, sannan ga babbar yunwar da ta fara a 1845 lokacin da cuta ta kama dankali, wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu wasu wajen miliyan suka tsere ƙasashen waje, kuma mafi yawan waɗanda abin ya ci talakawa ne masu jin Gelik. Daga nan iyaye da kansu suka fara hana 'ya'yansu yaren, tunda yaron Amurka ko Ingila zai tafi neman abinci, me Gelik zai yi masa a can. To a 'yan wuraren da yaren ya rage ne irin wannan waƙar ta rage.

Sunan salon sean-nós, ma'anarsa tsohuwar hanya ko yadda aka saba tun da. Kuma rashin kiɗan da ka lura da shi ba wai rashin kayan kiɗa ba ne, mutanen Ailan suna da goge irin nasu da sarewa da wata algaita mai jakar iska da ake matsawa da gwiwar hannu, suna da kiɗan rawa mai zafi. Waƙar ce dai ba a yi ta don kiɗa ba. A yarensu ba a cewa mutum rera mana waƙa, sai a ce abair amhrán, wato faɗi waƙa, kamar yadda za ka ce faɗi labari. Kalmomin su ne gaba, karin yana biye da su, in baiti ya zo da magana mai nauyi mawaƙi zai tsaya a kanta ya ja ta, in maganar mai sauƙi ce ya wuce, to ka ga in akwai makaɗi a gefe yana ƙirga masa lokaci ai ya ɗaure shi. Shi Heaney ya sha gaya wa ɗalibansa cewa wannan waƙar ba ta da bugu irin na kiɗa, abin da take da shi bugun jini ne irin na jikin mutum, mai sauri wani lokaci mai lafawa wani lokaci amma bai taɓa tsayawa.

In kana son abin da ya fi kusa da ita a wajenmu, kar ka tuna mawaƙan fada da kalangu da 'yan amshi, ka tuna tsohuwa tana waƙar niƙa ita kaɗai a tsakar gida, ko makaho mai rera waƙar wa'azi da ka ba kiɗa. Ba abu ɗaya ba ne amma kunnen da ya saba da waɗannan zai fi saurin kama ta.

Yadda ake yin ta a gida ma ya kamata ka sani don shi ne zai fassara maka fuskar da ka gani a bidiyon. A zamanin yarintarsa ba lantarki ba rediyo, dare ya yi tsawo lokacin sanyi, sai maƙwabta su taru a ɗakin girki na wani gida gefen murhu, a yi tatsuniya a yi labarin mutanen da, sai a roƙi wani ya faɗi waƙa. Mawaƙin ba ya miƙewa ya fuskanci jama'a yana murmushi, a'a, sau da yawa sai ya rufe ido ko ya ja hularsa ya rufe fuska ko ma ya juya ya kalli bango, don ba shi ake son a kalla ba, labarin ake son a gani. Wani na kusa da shi zai iya kama hannunsa yana juya shi a hankali kamar mai juya dutsen niƙa, yana taya shi ɗaukar nauyin waƙar. Tsakanin baiti da baiti masu sauraro suna jefa masa addu'a, wani ya ce Dia leat, wato Allah na tare da kai. Kuma kafin a fara akan faɗi dalilin waƙar, waye ya yi ta, me ya faru, don a wajensu waƙar da ba a san dalilinta ba rabin waƙa ce. A irin wannan ɗakin Joe ya tashi, mahaifinsa ma mawaƙi ne, unguwar cike take da mawaƙa da masu tatsuniya har ta kai hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ailan da aka kafa a 1935 ta riƙa turo ma'aikata yankin, cikinsu akwai Séamus Ennis wanda ya riƙa yawo a keke a shekarun 1940 yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffi. Joe tun yana ƙarami yake haddacewa, amma kunya ta hana shi buɗe baki gaban jama'a sai da ya kai wajen shekara 20. Abin nan yana burge ni sosai, shekara goma sha wani abu yana sauraro kawai. Ana cewa waƙoƙin da ke kansa sun haura 500.

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya ci sikolashif zuwa makarantar share fagen horon malamai a Dublin, amma bai ƙarasa ba ya dawo gida. Tun farkon shekarun 1940 ya fara cin gasa a Oireachtas, babban taron shekara-shekara na yaren Gelik da aka fara tun 1897, a 1955 kuma ya ci lambar zinare a can. Sai dai lambar zinare ba ta cika tukunya. A 1947 ya bi sahun dubban samarin yammacin Ailan ya tafi ci-rani Sikotilan, yankin Clydebank kusa da Glasgow, yana aikin lebura, daga baya ya gangara Ingila yana aikin gini.

A nan akwai abin da ba zan ɓoye maka ba don masoyansa da yawa suna tsallake shi. Ya yi aure a Sikotilan, sun haifi 'ya'ya huɗu, sai ya riƙa ɓacewa yana barinsu, ƙarshe ya tafi gaba ɗaya. Matar ta rasu da tarin fuka a tsakiyar shekarun 1960, yaran suka tashi ba uba, kuma har ya mutu bai cika yarda a yi masa maganar ba, mutane da yawa da suka zauna da shi a Amurka ba su ma san yana da iyali ba. Ni ina son muryar mutumin nan har cikin raina amma wannan zalunci ne, kuma ba na yarda da masu cewa wai haka masu baiwa suke. Mutumin da zai rera kukan uwa a kan ɗanta har ɗaki ya yi tsit, shi ne ya bar nasa 'ya'yan. Duk lokacin da na saurare shi abin nan yana zuwa min, ban kuma sami yadda zan daidaita biyun ba.

Faifansa na farko kamfanin Gael Linn ne ya fara fitarwa a 1957, irin faifan garmaho ɗin nan. A Landan ya haɗu da Ewan MacColl da Peggy Seeger, manyan masu farfaɗo da waƙoƙin gargajiya a Birtaniya, suka gane abin da ke gabansu, suka zaunar da shi a 1964 suka ɗauki doguwar hira da waƙoƙi, kuma wannan hirar tana cikin abubuwan da suka fi amfani ga mai nazari don a ciki ne yake bayanin yadda yake tunanin waƙa da bakinsa. A Dublin kuma lokacin ana tsakiyar yayin waƙoƙin gargajiya na mashaya, samari da gemu da jita da banjo, kowa na amshi ana tafi, ƙungiyoyi irin su Clancy Brothers da The Dubliners suna tashe. Mawaƙan kansu suna girmama Joe ƙwarai, a mashayar O'Donoghue's suke zama tare, har waƙar Seven Drunken Nights da ta ɗaga The Dubliners a 1967 ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya daga wajensa suka samo ta. Amma 'yan kallo fa? Su amshi suke so da abin da za su buga ƙafa, mutum ɗaya ya tsaya ya yi minti bakwai yana jan baiti cikin yaren da yawancinsu suka tsana tun da aka tilasta musu koyonsa a makaranta bayan Ailan ta sami 'yancin kai, yaren da suke gani na 'yan ƙauye ne matalauta, ba su da haƙurin wannan. Ya ji zafin abin sosai kuma bai ɓoye ba, ya sha faɗin cewa a waje an fi sanin darajar abin da yake ɗauke da shi fiye da gida.

To ga inda nake ganin girman mutumin yake, kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. Hanya a buɗe take gare shi, yana da murya, yana da abokai masu suna, da ya yarda an sa masa jita a baya an gajarta baitocin an daidaita karin yadda za a iya tafi, da ya ci abinci da waƙa kamar yadda wasu suka ci. Bai yarda ba. Yadda ya karɓo ta a ɗakin girkin Carna haka ya kai ta ko'ina, da tsawonta da jinkirinta da yarenta, in za ka saurara bismilla in ba za ka iya ba shi dai ba zai rage mata komai ba. Ba wai bai san waƙar raha ba, yana da su da yawa masu ban dariya da na rawa da ake yi da baki in babu makaɗi, yana kuma rera na Turanci, amma manyan waƙoƙin bai taɓa sayar da su da araha ba.

A 1965 aka gayyace shi bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka, da taimakon su Clancy, shekarar da shahararren mawaƙin Amurka Bob Dylan ya hau dandalin da jita mai lantarki aka yi ta cece-kuce. Bayan nan ya koma New York da zama, ya sauka a Brooklyn, ya sami aikin tsaron ƙofa a wani katafaren gidan masu kuɗi da ke kallon Central Park. Ka duba fa, mutumin da ke ɗauke da waƙoƙi ɗari biyar a kansa yana sanye da yunifom yana buɗe wa mutane ƙofa yana tare musu tasi, shekara da shekaru. Labarin da ake bayarwa shi ne wani mai gabatar da shiri a talabijin, Merv Griffin, wanda ke zaune a gidan, ya je Dublin ya shiga O'Donoghue's sai ya ga hoton maigadinsa a bango, daga nan ne ya san waye ke buɗe masa ƙofa, har ya sa shi a shirinsa.

Sannu a hankali jami'o'i suka farga. Ya koyar a jami'ar Wesleyan a Connecticut, daga baya jami'ar Washington da ke Seattle ta ɗauke shi a sashen nazarin kiɗan al'ummomi. John Cage, wanda ya yi suna wajen kiɗan gwaji na zamani, ya sa muryarsa a wani aiki mai suna Roaratorio a 1979, ko a can ma abin da ya saba shi ya rera, sauran ƙararrakin suna kewaye shi. A 1982 gwamnatin Amurka ta fara ba da wata babbar lambar girmamawa ga masu riƙe da fasahar gargajiya, mutum 15 aka zaɓa a shekarar farko, Joe na cikinsu. Ɗalibansa yawanci Amurkawa ne da ba su jin ko kalma ɗaya ta Gelik, da baki yake koya musu baiti bayan baiti, ba ya son a dogara da takarda, kuma an ce malami ne mai tsanani, in ka yi wasa da waƙa zai gaya maka a fuska. Masu nazari sun lura wasu bayanan da yake ba Amurkawa game da asalin wasu waƙoƙin yana ƙara musu gishiri, labarin kan ɗan canza daga wannan taro zuwa wancan. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna da masu adabin baka ya san haka abin yake, shi ya sa mai nazari ba ya ɗaukar kowace magana a matsayin tarihi sai ya auna. Amma a kan waƙar kanta, kalmominta da karinta, amintacce ne.

Yanzu bari in koma kan abin da kunnenka ya ji. Wannan lanƙwasar murya da ta sa ka ce kamar karatu, ita ce alamar salon Connemara. Gaɓa ɗaya ta kalma sai ya hau da ita ya sauko ya kewaya kafin ya sake ta, kuma ba ya maimaita ado iri ɗaya a baiti biyu, kowane baiti da yadda maganarsa ta nema. A Donegal can arewa ba sa yawan adon nan, sun fi tafiya miƙe, a kudu kuma wani salon ne daban, don haka in ka ji wani mawaƙin sean-nós bai yi kamar Joe ba ba kuskure ya yi ba. Akwai kuma wani ɗan gunji ta hanci da za ka ji yana bin ƙarƙashin muryar kamar zare, shi ke riƙe masa karin tunda ba kayan kiɗan da zai riƙe masa. Sannan ba ya ɗaga murya don nuna baƙin ciki ko ya sassauta don nuna tausayi irin na mawaƙan fim, ƙarfin muryar kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, motsin zuciyar a cikin adon yake da inda ya tsaya ya ja numfashi. Muryarsa kuma ba mai zaƙi ba ce, tana da kaushi kamar dutsen garinsu, shi ya sa ma fim ɗin da Pat Collins ya yi a kan rayuwarsa a 2017 aka sa masa suna Song of Granite, waƙar dutse kenan.

Abubuwan da waƙoƙin ke faɗa kuwa, soyayyar da ba ta kai ga aure ba, nutsewa a teku, ƙaura, sai na addininsu na Katolika waɗanda tsofaffin mata ne suka fi riƙe su, cikinsu akwai wadda aka fi saninsa da ita, kukan Nana Maryam a kan ɗanta bisa yadda Kiristoci suka yi imani da labarin. Akwai kuma waƙoƙin labari da suka yi yawo a Turai ɗaruruwan shekaru suna canza yare, misali wadda saurayi ya dawo gida ba lafiya ana tambayarsa ina ka je me ka ci, ya ce an ba shi wani kifi mai kama da maciji, ashe guba aka sa masa, sai a riƙa tambayarsa me ka bar wa babanka me ka bar wa wane, yana rabon gado baiti bayan baiti, sai a ƙarshe ka gane wadda ta kashe shi daga abin da ya bar mata. Ana samun wannan labarin a Sikotilan da Ingila har Italiya, Joe yana da shi da Gelik.

Ya rasu ranar 1 ga Mayu 1984 a Seattle, ciwon huhu mai hana numfashi ne ya kashe shi, ɗalibansa ne suka yi jinyarsa. Aka ɗauko gawar a jirgi aka kai ta Carna aka binne shi a maƙabartar Maíros bakin teku. Tun bayan rasuwarsa ake yin biki da sunansa duk shekara a Carna wajen farkon watan Mayu, mawaƙa na zuwa daga ko'ina. Faifan da aka ɗauka a Seattle suna ajiye a jami'ar, an kuma sa da yawa a intanet kyauta tare da kalmomin da fassarar Turanci da bayanin da ya yi da bakinsa. Yau sean-nós ba abin kunya ba ne a Ailan, gidan rediyon Gelik da aka buɗe a Connemara a 1972 da tashar talabijin ta Gelik da ta zo a 1996 suna watsa gasar Oireachtas, yara ƙanana na koyo, wasu matasan ma suna haɗa ta da kayan kiɗa, ana ta muhawara a kan ko hakan ya dace. Ba shi kaɗai ya jawo wannan ba, akwai mawaƙa da yawa maza da mata da suka zauna a gida ba su je ko'ina ba suka riƙe ta, kuma bai kamata sunansa ya rufe nasu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaren da kansa, masu magana da shi kullum a gida suna raguwa ko a Connemara ɗin, kuma waƙar da aka ce faɗarta ake yi, in masu jin abin da ake faɗa suka ƙare, gasa da lambar yabo ba za su maye gurbinsu ba.

In za ka sake gwadawa, ka nemi wadda ake kira Anach Cuain, amma ka riƙe dalilinta tukuna kamar yadda su suke yi. A watan Satumba na 1828 wasu mutanen ƙauye suka shiga wani tsohon jirgin ruwa a tafkin Corrib za su kasuwar Galway da tumakinsu, ranar lafiya lau ba iska ba hadari, sun kusa isa sai wata tunkiya ta huda katakon jirgin da ƙafa, wani ya cire rigarsa zai toshe ramin ya danna da ƙarfi sai katakon ya fita gaba ɗaya, kusan mutum 20 suka nutse, yawancinsu samari da 'yan mata. Wani makahon mawaƙi mai yawo, Raftery, shi ya yi musu waƙar. Ka sa abin ji a kunne, ka ajiye wayar kar ka kalli fuskarsa, ka saurara sau ɗaya don ka saba da muryar, a karo na biyu ka bi fassarar baiti baiti, a na uku kuma ka lura da kalmomin da yake tsayawa a kansu ya ƙi sakinsu da wuri, sai ka duba fassarar ka ga me waɗannan kalmomin suke nufi.